Ƙanen Okulina Yana Rootsi

Leningrad,
24 ga Yuni, 1984

Yaya Magdalene,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigida Ishaya da yara. Yaya ƙafar Mama? Kin ce ta ƙi barin Beji ta dawo wurinki Sauka Kahuta. Ki ƙyale ta, wanda ya saba farkawa ya ga gonarsa ba ya iya zaman gari. Mu nan lafiya, ni da Zoya da Helen, sai dai tarin da na kwaso tun lokacin sanyi bai gama sakina ba.

Wannan takarda Julius ne zai kawo miki da hannu, ɗan Kuta ne da ya gama karatu bana, shi ya sa zan saki baki. Duk wadda ta bi gidan waya sai an buɗe an karanta, mai fita da mai shigowa. Ina rubuta miki da Hausa ne don takan ɗauke su lokaci kafin su sami mai fassara, ba don ba za su samu ba.

Kin tambaye ni yaushe zan dawo. Shekara takwas ke nan, ni ma na gaji da tambayar kaina. Karatu dai na gama. Takardar zamana za ta ƙare a ƙarshen Fabrairu mai zuwa, kuma ba za a sabunta ba. Ni fita ba ta yi mini wuya, baƙo ne. Matata Zoya da 'yata Helen su ne 'yan ƙasa, ba sa fita sai da izini. Mun kai takardunsu tun Afrilu, aka ce mu jira. A nan ba a tambaya har yaushe. Idan izinin bai fito kafin Fabrairu ba, ni kaɗai zan hau jirgi. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Surukata Okulina tana wurinmu tun bara, tana rainon Helen. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, madafi da bayi kuma muna tarayya da iyali uku. Ita ba 'yar Rasha ba ce ta asali. Mutanenta masunta ne a bakin teku, yamma da nan, ana ce musu Izhora, ƙasarsu kuma Ingiriya. Sun kusa ƙarewa. Yarensu ba a koyar da shi a makaranta. Zoya tana ji amma ba ta mayarwa, kamar dai 'ya'yanki da Gbagyi, kada ki ce na yi miki gori. Da tsohuwar ta ga ina yawan tambaya, sai ta riƙa ba ni kalma ɗai-ɗai idan muna feren dankali.

Akwai kalma guda da sai ta rage murya kafin ta faɗe ta: rootsi. Haka suke kiran mutanen Suwidin, haka suke kiran yarensu, ƙasar ma haka. Mutum ɗaya kuma rootsalain. 'Yan Rasha shved suke cewa, amma ita ta ce nasu sunan ya fi tsufa, don kakanninta sun san mutanen tun suna zuwa cikin jiragen ruwa, har sun taɓa mulkarsu. Na duba a laburare, malamai sun ce asalin kalmar daga masu tuƙi da filafili ne. Kin ga yadda Bahaushe ya ce mana Gwari muka amsa, su ma can wani ya raɗa musu suna, wataƙila ba su ma sani ba.

Dalilin rage muryar shi ne wannan. Lokacin yaƙin duniya an kwashe ƙauyensu kaf aka kai Finland. Da yaƙi ya ƙare aka ce kowa ya dawo, ita ta dawo. Ƙanenta Ontrei, yana da shekara goma sha tara, ya shiga kwale-kwale ya tsallaka zuwa Rootsi. Wanda ya yi haka maci amanar ƙasa ne a wurinsu. Don haka ta ce wa hukuma ya mutu a hanya, aka rubuta haka. Shekara arba'in ba ta ji ɗuriyarsa ba.

A cocinsu ana rubuta sunaye a 'yar takarda a miƙa wa firist, wato limamin cocin, ya ambata cikin addu'a. Takardar iri biyu ce, ta masu rai da ta matattu. Ba ta iya sa shi a ta matattu, don ba za ta yi wa Allah ƙaryar da ta yi wa hukuma ba. Ba ta iya sa shi a ta masu rai, don matar da ke karɓar takardun tana da ido. Ita kanta ba ta san wacce ce gaskiyar ba. Shekaranjiya ta tambaye ni ko a cocinmu ana rarrabewa. Na ce a'a, suna kawai ake kira. Sai ta ce, "To, ka aika da shi can."

Ga shi na aiko: Ontrei Yefimov, ɗan Petro, na ƙauyen Viistina, haihuwar 1925. Ki kai wa zumuntar mata su riƙa ambatonsa. Da akwai mai gaya mata ko yana raye kafin ta mutu, da ta huta, amma wannan sai Allah. Kada ki rubuta sunan nan a wasiƙar da za ta bi gidan waya.

Ki gaida Mama, ki nuna mata hoton da na sa a ciki.

Ƙanenki,
Irimiya


Sauka Kahuta, Minna,
30 ga Yuli, 1984

Ƙanena Injiniya,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Muna lafiya. Ƙafar Mama da sauƙi, tana takawa har bakin rafi ba sanda. Ruwa ya yi jinkiri bana, amma doyar Beji ta kama. Ishaya yana gaishe ka, ya ce tarin nan ka nemi zuma, in akwai ƙudan zuma a ƙasar ƙanƙara.

Julius ya kawo takarda da hoto. Hoton Helen ya zagaya Beji gida-gida har gefensa ya yi baƙi. Mama ta ce goshin babanmu ne sak, ta ce kuma yarinyar ta rame, a daina ba ta dankali a kawo ta ta ci sakwara. Maganar gori kuwa na ji. 'Ya'yana ko gaisuwa suna yi da Gbagyi, taka 'yar me take iyawa?

Mu ma yanzu mun zama ku. Ko sabulu za ka saya sai ka bi layi, soja yana tsaye da bulala. Don haka kada ka zo kana mana kurin kun fi mu iya jira.

Saƙon tsohuwa na kai zumuntar mata ranar Alhamis. Da na ba su labarin, Mama Felicia ta yi kuka har ta kasa ta da waƙa. Sunan ya karya mana harshe, amma mun faɗe shi yadda muka iya, Allah ya san wanda muke nufi. Kowane mako ana ambatonsa.

Sai dai ka san halina, addu'a ba ta hana mutum ɗaura takalmi. Kana tune da Sista Gunnel, Baturiyar ungozoma da muke aiki tare a asibitin mishan? Ashe 'yar ƙasar nan ce da surukarka take kira da wancan suna. Na faɗa mata kalmar, ta yi dariya, ta ce maƙwabtansu na gabas ma kusan haka suke kiransu, amma ba ta taɓa jin labarin mutanen surukarka ba. Ta ce in sake faɗa, ta rubuta a littafinta. Ran goma ga Agusta za ta tafi hutu gida. Ba zan ƙara komai ba, tunda ka ce a kama baki, na kuwa kama.

Adireshinku yana nan yadda yake a bayan ambulan, ko? Ka daure, Fabrairu da sauran nisa. Allah da ya kai ka zai dawo da ku ku uku.

Yayarka,
Magdalene


Leningrad,
21 ga Satumba, 1984

Yaya Magdalene,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin labarin ƙafar Mama. Muna lafiya, tarin ya lafa, sanyi kuma ya fara leƙowa.

Wasiƙarki ta talatin ga Yuli jiya ta iso hannuna. Kwana hamsin da biyu. Bakin ambulan ɗin gam iri biyu ne a jikinsa, naki na sani.

Na karanta wurin da kika yi maganar takalmi sau huɗu, ina fata ban fahimce ki ba. Yaya, ki saurare ni da kyau, don ba zan iya faɗa dalla-dalla a nan ba. Abin da na roƙa addu'a ce. Ban aiki kowa ba, ban ce a aiki kowa ba. Idan abokiyar aikinki ta tafi da wani saƙo, ki buga mata talgiram yau ɗin nan ta ajiye shi. Kada ta tambayi kowa, kada ta ba kowa adireshina. A Beji idan kika ga an rufe rijiya an ɗora dutse, ba don an manta akwai ruwa a ciki ba ne.

Na san ba da mugun nufi ba ne. Tun muna yara ba ki iya ganin ɗan akuya ya ɓata ki zauna. Amma nan ba Minna ba ce, inda za ki tsaya a tasha ki ce wa direba ya tambayo miki wane a Kontagora, kowa ya yaba miki zumunci.

Zoya ta koma ofishin izinin fita makon jiya. Ta yini a layi, aka ce mata ana dubawa. Wani da ya kai takardunsa tare da mu nasa ya fito a Agusta, don haka mun sa rai namu yana kusa. Maƙwabciyarmu Valentina, wadda mabuɗin akwatin wasiƙu yake hannunta, ta yaba kan sarkin Najeriya da ke manne a ambulan ɗinki. Ta ce tana sha'awar sanin ƙasashe.

Ki ba ni amsa da zarar kin karanta. Layi ɗaya ya isa: an ajiye.

Ƙanenki,
Irimiya


Sauka Kahuta, Minna,
7 ga Oktoba, 1984

Ƙanena Irimiya,

Albishirinka! Bari dai in fara da gaisuwa kada ka ce ban da ladabi. Muna lafiya, Mama lafiya, an fara cin sabuwar doya. Wannan takarda wani yaro mai suna Jiya ne zai kawo maka, ɗan Bida, yana cikin sababbin ɗaliban da za su taso jibi, don haka zan faɗi komai.

An same shi. Ƙanen surukarka yana da rai.

Sista Gunnel ta dawo ƙarshen Satumba. Ta ce da ta isa gida ta ba fastonsu sunan, shi kuma ya buga wa wani fasto waya a wani gari mai masaƙu, Boras, inda masu gudun hijira na wancan yanki da yawa suka zauna bayan yaƙi. Kwana uku kacal aka gano shi. Ka ji ƙasa, kowa yana cikin littafin coci. Yanzu Anders ake kiransa. Ya yi aikin masaƙa shekara talatin da wani abu, matarsa ta rasu, yana da 'ya ɗaya, Karin. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, magana tana yi masa wuya, hannun dama ba ya riƙe biro.

Sista da kanta ta hau jirgin ƙasa ta je. Ta ce da ta ambaci sunan Okulina sai ya kama hannun kujera, ya yi ta maimaita sunan, hawaye yana zuba. Ashe shi ma ya ɗauka ta mutu. 'Yar tasa ba ta ma san tana da gwaggo ba. Ni da Sista muka zauna a ɗakin awo muna kuka kamar an yi mana haihuwa a gida.

Sista ta ba su adireshinku. Karin ta rubuta abin da uban ya iya faɗa, ta sa hoto, ta jefa a gidan waya ran goma sha biyu ga Satumba, da sunan Okulina a kai. Wataƙila ma ta riga wannan isowa. Yanzu tsohuwa ta san a wace takarda za ta rubuta sunansa. Ranar Lahadi na ba da shaida a coci, ban kama suna ba, na ce dai Allah ya haɗa 'yan'uwa biyu ta hanyar Minna.

Ka ce sai Allah. To, Allah da mutane yake aiki.

Yayarka,
Magdalene

Ƙari, 9 ga Oktoba. Ina shirin kai wa Jiya wannan sai ga taka ta ashirin da ɗaya ga Satumba. Irimiya, ban gane ba. Kai ne ka rubuta da hannunka cewa da akwai mai gaya mata da ta huta. Na ɗauka kunyar roƙona ka ji, shi ya sa ka kewaya. Sunan ban sa shi a gidan waya ba, kamar yadda ka ce. Talgiram kuma wa zan buga wa? Sista tana nan, wasiƙar ta bar hannunsu kusan wata guda. Yaƙin nan an gama shi tun ba a haife mu ba. Wa zai damu da tsoho shanyayye? Ka gaya mini abin da na yi.


Leningrad,
18 ga Nuwamba, 1984

Yaya Magdalene,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya. Theresa, matar wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu, za ta zo gida Kirsimeti, ita za ta kawo miki wannan.

Kin ce in gaya miki abin da kika yi. Zan fara da abin da ni na yi, don shi ne gaba. Akwai abin da ban rubuta miki a wasiƙar Yuni ba. Cikin takardun da Zoya ta cika na neman izini akwai layin da ke tambaya ko tana da dangi a ƙasar waje. Ta rubuta babu, ta sa hannu. Uwarta ma ta sa hannu a tata takardar amincewa. Duk wanda aka kama ya ɓoye irin wannan, an sami dalilin hana shi, ba sai an nemi wani ba. Na san haka, ban faɗa miki ba, don a ganina kowa ya sani. Shekara takwas sun sa na manta akwai ƙasar da neman ɗan'uwa ba laifi ba ne. Maganar da na yi kuma ta da akwai mai gaya mata, huci ne kawai na mai gajiya. Ke kika karanta ta da zuciyar Beji. Da ni ne a Minna, wataƙila haka zan karanta.

Ɗalibin nan Jiya ya kawo taki tsakiyar Oktoba. Na karanta a tashar jirgin ƙasa, na ninke, na rasa yadda zan shiga gida. Mako biyu ina riƙe da maganar ni kaɗai, ina roƙon Allah wasiƙar can ta ɓata a hanya. Ki duba irin addu'ar da ƙasar nan take koya wa mutum.

Ran biyu ga Nuwamba ta iso. Kwana hamsin da ɗaya daga Suwidin, ƙasar da jirgin ruwa ke kaiwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Valentina ba ta tura ta ƙarƙashin ƙofa yadda ta saba ba. Ta bari sai da kowa ya hallara a madafi da la'asar, ta shigo da ita a tafin hannu, ta ajiye gaban surukata, ta ce, "Ashe kuna da mutane a Suwidin."

Tsohuwar ta share hannu a zanenta, ta ɗauka, ta shiga ɗaki.

Shafi biyu ne da hoton wani tsoho a kujera, bargo a gwiwarsa. Ta gane shi nan take, ta ce kunnuwan babansu ne. Sannan ta buɗe takardar ta yi ta dubawa. Karin ba ta jin Rashanci, ba ta jin yaren ubanta, da yaren da take da shi ta rubuta. Surukata ta juya shafin gaba da baya, ta miƙo mini don ni ne mai karatun gidan. Ban gane komai ba sai sunaye. Ta karɓa ta ce, "Rootsi." Ta sa a ƙarƙashin matashi. Ba mu da wanda za mu kai wa ya fassara ba tare da mun ƙara wa kanmu shaida ba. Yau kwana goma sha shida tana kwana a kan maganar ƙanenta, ba ta san me ya ce ba.

Zoya ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. A rana ta huɗu ta ce ni ne na aika da sunan. Kafin in buɗe baki uwarta ta ce ita ta aike ni, kuma in akwai mai laifi ita ce, da ta kasa haƙuri bayan ta yi na shekara arba'in. Tun daga nan ba a sake ta da maganar ba.

Ba wanda ya zo, ba a kira kowa ba. Zoya ta je ofishin, aka ce ana dubawa, da murya irin ta kullum. Shirun nan ne ya fi damuna. Valentina ta fara kawo wa Helen alewa.

Kada ki gaya wa Mama komai tukuna.

Ƙanenki,
Irimiya


Sauka Kahuta, Minna,
16 ga Disamba, 1984

Ƙanena,

Ina gaishe ku. Muna lafiya, sai dai ni ba na barci sosai tun da Theresa ta zo.

Ban san abin da zan ce ba. Na ɗauki biro sau uku ina ajiyewa. Ishaya ya ce in rubuta ko me ya zo, don shiru ya fi ciwo. Ka yafe mini. Ka ce wa Zoya ta yafe mini, ko da yake ban san da wane baki za ka faɗa mata ba, ita da ba ta taɓa ganina ba.

Mama ban gaya mata ba. Ta sa an yi wa ɗakinka sabon daɓe, ta ware akuya, ta ce ba za a taɓa ta Kirsimeti ba sai jikarta ta zo. Jiya ma Mama ta tambaye ni ko 'yar Baturiya tana cin yaji. Na ce za ta koya.

Abokiyar aikina ta shiga damuwa ƙwarai. Ta ce tana iya rubuta wa manyan ƙasarta su sa baki, ta ce wani lokaci idan magana ta fito fili akan ji kunya a saki mutum. Na ce mata ta dakata. Wannan karon ba zan motsa ba sai ka ce. In ka ce a yi, za a yi. In ka ce a bari, an bari.

Zumuntar mata suna ambatonku ku huɗu kowace Alhamis. Ban gaya musu dalili ba.

Yayarka,
Magdalene


Leningrad,
3 ga Fabrairu, 1985

Yaya Magdalene,

Gaisuwa a gare ki da maigida da yara. Muna nan da rai da lafiya. Wannan ta gidan waya ce, kuma zan rubuta komai a fili, don babu sauran abin da ba su sani ba. Wanda zai fassara ta, ina gaishe shi da aiki.

Ranar Talata aka kira mu ofishin izinin fita, mu uku, ni da Zoya da uwarta. Jami'in bai kai ni shekaru ba. Ya ba tsohuwa kujera, ya tambayi lafiyar Helen da sunanta. A gabansa akwai takarda da aka buga da tafireta. Ya ce ya ji an aiko wa surukata wasiƙa cikin yaren da ba ta ji, ko tana so ta san abin da ke ciki?

Zoya ta taɓa ƙafar uwarta a ƙarƙashin tebur. Na gani, shi ma ya gani. Tsohuwar ta ce tana so.

Ya karanta mata fassarar da ke gabansa. Zan faɗi gaskiya, bai yi ba'a ba, a hankali ya karanta, inda ta ce ya maimaita ya maimaita. Ontrei ya ce ta yafe masa da ya tafi bai yi mata sallama ba, ya ji tsoron za ta hana shi. Ya ce ya rubuta sau biyu a shekarun farko, bai sami amsa ba, ya ɗauka ta mutu. Ya ce yarensu ya zube daga bakinsa, ba shi da wanda zai yi da shi, amma tun da ciwo ya kama shi idan zai ƙirga abu da shi yake ƙirgawa, likitoci ba sa ganewa. Ya tambaya ko itacen da ke bayan gidansu yana nan. Shi ke nan.

Ta ce wa jami'in ta gode. Da gaske ta faɗa.

Sai ya ja takardar Zoya ya ajiye kusa da waccan, ya ɗora yatsa a kan inda ta rubuta babu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an ƙi ba da izini saboda ba da bayanin ƙarya. Ya ce tana iya sake nema bayan shekara uku, za a duba. Ni kuma ya tuna mini cewa takardata za ta ƙare ran ashirin da takwas, ya yi mini fatan sauka lafiya.

Ki ce wa Sista Gunnel ta bari. Kada ta rubuta wa kowa. Ni zan fita, su ne za su zauna a nan da abin da zai biyo baya. Ki gode mata kuma, ta hau jirgin ƙasa saboda tsohuwar da ba ta sani ba.

Kin ce in yafe miki. Na yafe. Ba ke kika yi dokar ba, ba ke kika buɗe ambulan ba, kuma da na faɗa miki duka tun farko da ba ki yi ba. Amma kada idan na zo ki jira in ce miki ba komai, don ba zan iya ba, akwai komai. Zoya ta ce in gaya miki ba ta riƙe ki ba. Ban san ko haka ne har zuciyarta ba, na dai faɗa yadda ta ce. Surukata kuwa ta ce in gaishe ki da suna. Tun ranar Talata tana cin abinci sosai, abin da ba ta yi ba tun Nuwamba, sai ta dubi 'yarta ta ajiye cokali.

Jirgina zai sauka Legas ran ashirin da bakwai. Zan kwana, in hau mota washegari. Kada ki tara mutane, kada a zo tasha da 'yan coci. Ke da Ishaya kun isa. Daga nan mu wuce Beji. Kada ki riga ni faɗa wa Mama, ni na tafi na auro, ni zan tsaya gabanta in ce na dawo ba su.

Helen ba ta sani ba tukuna. Za ta cika shekara bakwai kafin a sake duba takardar, in an duba. Ta ga na sauko da akwati, sai ta kwaso rigunanta na rani ta zuba a ciki, don an gaya mata Najeriya da zafi. Na fitar da su sau biyu, ta mayar. Zoya ta ce in bar su a ciki sai ranar.

Ƙanenki,
Irimiya